Cindo Fatoma da Shayin Agali

Cindo taubashina ne, ɗan kawuna, saboda haka duk abin da na faɗa a kansa ina da izini tun daga kakanni. Sunansa na yanka Ƙasimu, amma da yatsa shida aka haife shi a hannun hagu, sai laƙabin ya danne sunan. A Maigatari in ka ce Ƙasimu za a tambaye ka wanne, in ka ce Cindo fatoma kowa zai nuna maka zauren da ke da bishiyar bedi a ƙofarsa.

Fatomanci ya gada. Baƙin da suka koro dabbobi daga Nijar don cin kasuwar Alhamis a gidansa suke sauka. Shi zai ba su makwanci da ruwa da tuwo, ya shiga kara, wato kasuwar dabbobi, tare da su ya tsaya musu har a yi ciniki, in rigima ta tashi shi ne shaida. Ni kuwa tela ne, kekena a cikin zauren nan nasa yake shekara da shekaru. Abin da ban gani da idona ba a gidan, na ji shi ta kan katanga.

Mutum ne ƙato, mai dariyar da ake jiyowa daga tasha, kuma ban taɓa ganin babban mutum mai kwaɗayin zaƙi irinsa ba. Da can abin da sauƙi, don sukari sai wane da wane. Amma da aka shiga shekarun nan na ƙarin albashin Udoji, kaya suka cika kantuna, manyan motoci na sauke kwalaye kullum, sai Cindo ya samu yadda yake so. Da safe shayi da burodi, ya huda gwangwanin madara ya tuttule shi duka, ya yi ta jefa ƙwayar sukari har cokali ya riƙa karo da su. Fura sai da sukari, koko sai da sukari. Aljihunsa na dama goro, na hagu minti. Lemon kwalba kuwa a cikin randar matarsa Lauratu yake jiƙa su su yi sanyi, har ta rasa inda za ta zura moɗa. Wallahi na taɓa kama shi yana barbaɗa sukari a kan dambu, na ce masa saura miyar kuka. Ya ce in bari ya gwada tukuna.

Ni na fara lura da ramar, da yake ni ke auna shi. Wandon da na ɗinka masa da ƙaramar salla, kafin babba ya koma sai ya ninka zariya. Ga ƙishirwa ba dare ba rana, ga buta kullum a hannu. Ya yi kunnen ƙashi har sai da jiri ya ɗebe shi a tsakiyar kara, sannan ya yarda muka shiga mota zuwa asibiti a Gumel. Wannan da daminar 1976 ne.

Likitan ya ce ciwon sukari ne. Ya ba shi ƙwayoyi, sannan ya fara lissafo abin da zai bari: sukari, lemon kwalba, madarar gwangwani mai zaƙi, minti, biskit, burodi. Tuwon ma a rage, a ƙara ganye da wake.

Cindo ya gyara zama kamar mai tayin saniya, ya ce, "To likita, zuma fa?"

"Har zuma, Malam."

"Mazarƙwaila fa? Ai ita ba ta Bature ba ce."

"Har ita."

"Rake fa, ɗan guntu haka?"

Likita ya ajiye alƙalami ya dube ni ya ce, "Kai ne ɗan'uwansa? Yana da mata?" Na ce yana da ita, kuma in ta ji wannan magana ta zauna. Ya ce to alhamdu lillahi, mu tafi.

Lauratu kuwa ba ta ba ni kunya ba. Ranar da muka dawo ta kwashe kwalaben randa ta rabar a unguwa. Kifin gwangwani da tumatirin gwangwani da ɗan dunƙulen nan na miya, ban ji likita ya ambace su ba, amma ta ce duk jirgi ɗaya ya kawo su, su ma su bi sahu. Ta koma daddawarta da kukarta da kuɓewa busasshiya. Safe kunun tsamiya ba zaƙi, rana kwaɗon zogale da ƙuli ko wake da ɗan mai, dare tuwon dawa daidai cikin mutum ɗaya, ba na mutum uku da ya saba ba. Makon farko Cindo ya yi ta ƙunƙuni, yana cewa an mayar da shi akuya. Ita kuwa daga cikin gida sai ta ɗaga murya ta ce, "Malam, akuyar da ke tafiya da ƙafarta nake so."

Abin mamaki, kafin kaka mutum ya murmure. Jirin ya tafi, butar ta huta, dariyar ta dawo har ta fi da. Ya ce ashe gero yana da nasa ɗanɗanon, shekara arba'in yana binne shi cikin zaƙi bai sani ba. Daga nan kuma sai ya ishe mu da wa'azi. Mutumin da jiya yake tsotsar minti a sahun salla, yau shi ke leƙa kofin mutane yana girgiza kai.

Wajen taro ne aka sha kallo. A lokacin, babbar karramawa a wurin suna ko ɗaurin aure ita ce a buɗe maka lemon kwalba a gaban jama'a, kuma ƙin karɓa cin fuska ne. Cindo sai ya karɓa da hannu biyu, ya yi godiya, ya ɗaga kwalbar kowa ya gani, sannan ya miƙa wa wanda ke kusa da shi ya ce, "Sha mini, ladan nawa ne." Nan da nan mutane suka fara rububin zama kusa da shi. Da gari ya gane, sai masu taro suka riƙa ajiye masa ƙwaryar nono tsurarsa da 'yar gasasshiyar gyaɗa. A Gagarawa, wurin bikin 'yar ƙanwar Lauratu, har zogale aka kwaɗanta masa shi kaɗai, dattawa biyu suka bar alkakinsu suka sa masa hannu. Bai ɓoye wa kowa ciwonsa ba, har alfahari yake yi da shi. Mutum ɗaya ne kawai ya ce ko za a yanka shi ba zai gaya wa ba, shi ne Agali.

Agali Buzu ne daga Damargu ta ƙasar Nijar, baƙon gidan tun zamanin kawuna. Shi da Cindo sun taso suna haɗuwa duk kaka, tun suna samari. Da farin nan na 1973 ya cinye dabbobin arewa, Agali ya iso Maigatari da iyalinsa da raƙuma ɗaya wadda da ƙyar take ɗaga ƙafa. Cindo ya share masa ɗakuna a bayan gida, suka ci tukunya ɗaya har ruwa ya sauka a shekara ta gaba. Mutumin da ya saba bayarwa, zaman karɓa ya yi masa nauyi ƙwarai. Abu ɗaya ya rage masa da zai yi wa maigidansa, shi ne dafa shayi irin nasu a 'yar buta kan gawayi, zubi uku, mai kauri da kumfa. Amma ganyen na Cindo ne, sukarin ma na Cindo ne. Ranar da zai koma na ji shi da kunnena yana cewa, "Maigida, in Allah ya mayar mini da ko tunkiya ce, sai ka sha shayin da sukarinsa nawa ne."

To ga shi Allah ya mayar. Bayan an gama girbi sai ga Agali da garken tumaki da raƙuma biyu, ya sauka ranar Laraba da hantsi. Bai ko huta ba ya kwance jakar fata ya fito da kan sukari, irin dunƙulen nan mai tsini da ake naɗewa cikin shuɗiyar takarda. Ya ɗora shi a kan tabarma a gaban Cindo yana kallonsa.

Lauratu ta aiko a kira mata maigida, na bi shi har bakin ƙofa.

Ta ce, "Malam, ka gaya masa gaskiya yanzu, tun bai hura wuta ba."

Ya ce, "Ke ba ki ga idonsa ba ne. Shekara biyu yana tafe da wannan abu a ransa. In ce masa me? Na sha nawa, nasa ne ba zan sha ba?"

"To sha za ka yi?"

"Ba zan sha ba, kuma ba zan ƙi ba. Ki bar ni da dabarata."

Ya juyo ya ja mini kunne, ya ce in na buɗe baki sai ya jefar da kekena a kwata. Sauran mutanen zaure ma ya bi su ɗaya bayan ɗaya.

Dabarar ita ce babbar riga. Ya shiga ya sako wadda ta fi kowace faɗin hannu, ya zauna a gefen tabarma a gindin bedi, inda rairayi yake da laushi. Agali ya fasa sukari da gindin kofi, ya yi ta ɗaga buta sama yana tsiyayawa har kumfa ta tashi, ya miƙa masa kofin farko. Cindo ya kai baki, ya ja iska da ƙarfi, fuuut, ya lumshe ido ya ce, "Kai! Agali, hannunka yana nan." Sai ya sauke hannu cikin rigar, ya tuttular a bayan gwiwarsa, ya ja rairayi da diddige ya rufe. Haka ya yi da na biyu, haka ya yi da na uku. Ni ina kan keke ina taka shi da ƙarfi don kada a ji dariyata.

Dabara ta yi aiki ranar Laraba, ta yi ranar kasuwa. Tumaki suka yi daraja, Agali sai murna yake, yana ƙara wa butar sukari saboda ya ga maigida na yabawa. Cindo har ya fara yi mini kallon ka-gani-ko. Abin da ya manta shi ne kiyashi ba su san sirri ba.

Ranar Juma'a da safe Agali ya fito zai hura gawayi, sai ya tsaya yana duban ƙasa. Mutumin da ke bin sawun raƙumi a kan tsandauri, layin kiyashi ba zai ɓace masa ba. Ga su nan baƙi ƙirin tun daga gindin katanga, sun wuce wurin zamansa, sun wuce na kowa, sun taru a wuri ɗaya tak. Ya durƙusa ya tona da yatsa, ya ɗebo rairayin da ya dunƙule ya shinshina. Ya daɗe a tsugune. Sannan ya tashi ya tattara butarsa da kofunansa da ragowar sukarin, ya ɗaure jaka. Cindo ya tafi duba wata saniya a lokacin, ni kaɗai ne a zaure.

Ya ce, "Ilu, ka gaya wa ɗan'uwanka, na ci tuwon gidansa wata da watanni, ban zubar da loma ɗaya ba. In hannuna ne yake ƙyama tun da na talauce, da ya faɗa. In kuma zato yake na sa masa wani abu, Allah ya gani."

Na buɗe baki zan yi magana, ya ɗaga mini hannu. Ya ja raƙumansa ya nufi gidan Barau, fatoman da ke can gefen kara, wanda ya daɗe yana zawarcin baƙin Cindo.

Na ga Cindo cikin fari, na gan shi ranar da likita ya yanke masa hukunci, ban taɓa ganin fuskarsa kamar ranar nan ba. Na ba shi saƙon kamar yadda aka ba ni, ya zauna daɓas a dakali. Ba tafiyar baƙo ce ta dame shi ba, baƙi yana da su. Cewa Agali zai koma Damargu da wannan zato a zuciyarsa, shi ne abin da ya kasa haɗiyewa. Aka kawo abincin rana ya mayar. Da aka sauko daga masallaci sai ya miƙe ya cire babbar rigar, ya bar 'yar shara, hannuwansa a fili.

Na ce, "Ina zuwa?"

Ya ce, "Shan shayi. Uku zan sha a gabansa, in na kwanta na kwanta."

Lauratu ta leƙo ta ce, "Ilu, bi shi. In ka dawo mini da shi da zaƙi a baki, kai da shi duk ku nemi wurin cin tuwo."

Muka tarar da Agali a rumfar Barau, buta a kan wuta, Barau na gefe yana washe baki kamar an ba shi sarauta. Cindo ya yi sallama ya zauna a ƙasa, ba a ko shimfiɗa masa ba. Ya ce, "Agali, zuba mini." Agali bai dube shi ba, amma mai dafa shayi ba ya hana wanda ya roƙa. Ya zuba ya miƙa. Cindo ya karɓa da bisimilla, ya nufi baki da shi da gaske.

Nan na ce a raina, a jefar da keken a kwata. Na ce, "Agali, mutumin nan ciwon sukari gare shi. Da damina a kara ya faɗi, sai da muka kai shi Gumel. Likita ya hana shi duk wani zaƙi, rabonsa da shi tun lokacin. Duk garin nan an sani, har Barau ya sani. Kai kaɗai ya ɓoye wa, wai kada ya ɓata maka kyautarka."

Barau ya sunkuyar da kai yana gyaran takalmi. Agali ya miƙa hannu ya zare kofin daga hannun Cindo, a hankali, ya ajiye shi can nesa. Rawaninsa ya rufe masa baki da hanci, idanun kawai ake gani, sun kaɗa sun yi ja.

Ya ce, "Gaskiya ne, maigida? Lokotoro ne ya hana?"

Cindo ya ce, "Gaskiya ne."

"Ba hannuna ba ne?"

"Haba Agali. Hannunka?"

"To kai wane irin mutum ne? Ka gwammace in ɗauke ka maci amana da in san ba ka da lafiya? Ni na zauna a gidanka ba ni da ko akuya, ban ɓoye maka ba. Kai ciwo ɗaya ya same ka, ka ɓoye mini shi a cikin hannun riga!"

Cindo ya ce, "Rigar ma ta Ilu ce, shi ya yi mata hannu da faɗi."

Ban san wanda ya fara dariya ba. Na dai ga kafaɗun Agali na girgiza, Cindo kuma ya saki irin tasa har raƙuma suka waiwayo, hawaye na bin gemunsa. Ni ma na yi, kuma ba na jin kunyar cewa na ji daɗi a ranar kamar an yi mini haihuwa.

Agali ya juye butar a ƙasa, ya ɗauraye ta sosai, ya zuba sabon ganye da ruwa. Bai taɓa sukarin ba. Da ta tafasa ya tsiyaya, kumfar ma ta ƙi tsayawa, ya fara ɗaukar nasa ya kai ƙarƙashin rawani. Muka ga idanunsa sun runtse, ya yi tari, ya ambaci sunan Allah.

Ya ce, "Wannan kake sha?"

Cindo ya ce, "Wannan ko ni ban taɓa sha ba."

Suka sha zubi uku cif, suna yamutsa fuska suna zagin juna. Kafin la'asar raƙuman Agali sun koma gindin bedi. Barau ya rako su yana cewa shi dama bai so abin ya kai haka ba, muka ce mun sani. Ragowar kan sukarin kuwa ni na ɗauke, na ce ladan tona asiri ne, aka yi wa 'ya'yana kunu da shi har ya ƙare. Lauratu ta aiko wa Agali da ƙullin kanumfari da citta da na'ana'a busasshiya, ta ce a riƙa jefawa a buta. Da su shayin ya zama abin da mutum zai iya sha ba tare da ya tuna zunubansa ba.

Tun daga ranar, in Agali ya sauka, shayin gidan Cindo ba sukari. Sauran baƙi su yi nasu mai zaƙi a gefe, su biyu su zauna da tasu butar. Ni dai a zatona kara ce yake yi wa maigida na 'yan kwanakin da yake gari, in ya koma daji ya rama abin da ya rasa. Cindo ma haka ya ɗauka, har yakan tsokane shi da cewa ya yi haƙuri, saura kwana kaɗan ya koma ga sukarinsa.

Da kakar 1979 wani ɗan'uwan Agali ya riga shi isowa da shanu, ya sauka a wurinmu. Ya ga Cindo na jefa kanumfari a buta bai sa sukari ba, sai ya tafa hannu ya ce, "Ashe a nan Agali ya samo wannan hauka!"

Cindo ya ce, "Wane hauka?"

"Shayi ba sukari mana. Shekara uku ke nan, ko a biki, ko a bakin rijiya, ko shi kaɗai a bayan raƙumi. Mun yi faɗan mun gaji. In an matsa masa sai ya ce yana da ɗan'uwa a Maigatari da aka hana wa zaƙi, shi kuma ba zai sha a ɓoye abin da ba zai iya miƙa masa ba."

Cindo ya riƙe butar a sama, ya manta da zubawa.

Ya ce, "Har can ma?"

Baƙon ya ce, "Har can."